Faifan da ya zo ta gidan waya

A durowar teburinsa har yanzu akwai wani faifan CD cikin 'yar jakar kwali, an rubuta Ubuntu a kai, sunan wani tsarin sarrafa kwamfuta. Ta gidan waya ya iso masa a 2008, ko kwabo bai biya ba. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ke aika irinsa ga duk wanda ya nema, a wani shiri mai suna ShipIt da aka rufe a 2011. A lokacin, sauke megabait 700 a shagon intanet sai mai haƙuri da kuɗi a aljihu.

Yana tuna daren da ya saka shi a tsohuwar kwamfutarsa mai Windows XP. Ya shiga BIOS, ya umarci na'urar ta fara tashi daga faifai kafin rumbun ajiyarta. Faifan ya yi ta gurnani, can sai sabon tsarin ya cika allo alhali bai taɓa komai a rumbun ba. Wannan ɗanɗanon kafin yanke shawara shi ya fi burge shi, har gobe.

Da ya tashi girka tsarin a kwamfutar, sai tambayar ta zo: a goge rumbun kakaf, ko a raba shi gida biyu? Hotunan bikin ƙanwarsa suna ciki. Ya kwafe su a filashi, ya duba sau biyu, zuciyarsa na roƙon kada a ɗauke wuta ana tsaka da aiki. Ya yi bisimilla, ya danna.