Godiya Ga Baba Mai Bishara

Baba, na san ba ku son yabo a bainar jama'a. Ku yi mini haƙuri a wannan karon, domin abin da kuka yi wa gidanmu ya fi ƙarfin a ce "an gode" a bakin ƙofar coci a wuce.

Duk wanda ke noman rani a Kura, Bunkure da Garun Malam bai manta da shekarar 2016 ba. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda masana ke ce wa Tuta absoluta, ta faɗa wa tumatir. Ka bar gona shar, bayan 'yan kwanaki ka dawo ka tarar ganye ya bushe, 'ya'yan duk huda. Kwando ya yi tsadar tashin hankali, amma ina na sayarwa? Hatta kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda aka buɗe a farkon shekarar, sai da ya tsaya saboda rashin abin sarrafawa.

Asara ta shafi kowa, amma ta ƙanena ta zo da abin kunya. Abokan nomansa sun haɗa kuɗin takin shinkafar damina sun damƙa masa, don shi ne mai riƙe musu littafi. Ya ɗauki kuɗin ba da saninsu ba, ya kama hayar ƙarin gona, ya zuba tumatir, da nufin ya mayar kafin a tambaya. Sharon ta cinye komai. Da dare ya sulale, sai labari muka ji wai yana dako a kasuwar Mil 12 a Legas. Yana can Inna ta rasu. Ta daɗe tana fama da hawan jini, kowa ya sani, amma shi ya sa wa ransa cewa baƙin cikinsa ne ya kashe ta.

Mu 'yan'uwansa fushi ya hana mu nemansa. Ku ne, da furfurarku, kuka hau motar albasa har Legas da kuɗin aljihunku. Ya ce da kuka same shi ba ku yi masa wa'azi ba. Abinci kuka saya masa, kuka jira ya ci ya ƙoshi, sannan kuka ce, "Ɗana, ɗauko jakarka mu tafi gida."

Da kuka dawo, ba coci kuka fara kai shi ba. Gida gida kuka bi da shi wurin masu kuɗin, ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Kun tuna masa da Zakka mai karɓar haraji, wanda da ya sadu da Yesu bai tsaya ga hawaye ba, sai da ya yi alkawarin mayar wa mutane haƙƙinsu. A nan dole in ambaci Alhaji maƙwabcinmu, wanda kasonsa ya fi na kowa yawa. Musulmi ne, gonarsa da tamu kunya ɗaya ta raba, ruwa ɗaya muke sha. Ya ɗaga yaron ya ce, "Cin amanar na yafe maka duniya da lahira. Kuɗin kuwa, biya yadda ka samu." Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a.

Ƙanena ya biya. Ya yi ƙwadago a injin cashe shinkafa a Kura, ya shiga ruwa har ƙirji yana yankan kacala a magudana, kaka bayan kaka, har ya sauke bashin duka.

Mun ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauran aiki, kuma shi ne mafi wuya. Yaro ya biya bashi, amma har yanzu a bencin ƙarshe yake zama. In an zo Jibin Ubangiji sai ya fice waje. Aka yi masa zancen aure, ya ce irinsa bai dace da 'yar mutane ba. Cikin dare sai a ji shi a tsakar gida yana kai da komo. Wasu a ikilisiya har yabawa suke, wai ga tuba ta gaskiya. Wannan hali namu yana ba ni takaici: muna jin daɗin ganin mai laifi kansa a sunkuye har abada, alhali kowace Lahadi muna waƙar cewa an fanshe mu. Ku kaɗai kuka ce wannan ba tawali'u ba ne, ciwo ne.

Wata yamma kuka same shi yana ban ruwa, kuka zauna a bakin kwata, kuka cire takalmi. Shi ya ba ni labarin, don haka nake faɗa. Kun ce masa Yahuza da Bitrus duka sun ci amanar Ubangijinsu a dare ɗaya, duka kuma sun yi nadama. Yahuza har kuɗin ya mayar, amma ya yanke wa kansa hukunci. Bitrus ya bari Mai Ceto ya same shi, aka kuma ba shi kiwon tumaki. Sai kuka nuna masa ruwan da ke shiga kunyoyinsa kuka ce, "Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwan nan da kansa yake gangarowa. Kai ka gina ta? Kai ke turo shi? Naka ka buɗe masa hanya. To haka gafarar Allah take. An gama aikin a kan gicciye tun ba a haife ka ba."

Ya ce, "Baba, Inna fa?"

Ba ku ce masa bai yi laifi ba, kuma wannan ne ya sa ya yarda da ku. Kun ce ya ɓata mata rai, gaskiya ne, amma rai a hannun Allah yake, ba a hannun ɗa ba. Washegari kuka kawo masa iyayenmu na Zumuntar Mata waɗanda suka yi jinyarta. Suka shaida masa cewa har ta cika ba ta ambace shi da mugun baki ba, addu'arta kullum Allah ya dawo mata da autanta lafiya. Ranar ya yi kukan da bai samu yi ba a makokinta. Iyaye mata, mun gode da jinya, mun gode da wannan shaida.

Ba a rana ɗaya ya warke ba. Akwai lokutan da abin ke dawo masa, sai ya hau keke ya zo wurinku, ba ku taɓa cewa kun gaji ba. Yanzu yana cin Jibin Ubangiji tare da jama'a, ya yi aure, yana koyar da yara a makarantar Lahadi. In zancen 2016 ya taso, yakan faɗi abin da ya yi ba ɓoyo, ya wuce zuwa wata hira.

Baba, ba mu da abin biyanku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya tsare muku naku 'ya'yan. Ranar sujadar godiyar kaka mai zuwa, ni da ƙanena za mu kawo buhun shinkafa daga gonar Inna, kuma muna roƙo ku ne za ku sa masa albarka.