Todmorden, Garin da Ake Shuka Abinci a Bakin Titi

A wannan wata za mu kai masu karatu arewacin Ingila, mu ziyarci wani gari da ake ce da shi Todmorden. Yana da nisan mil 17 daga birnin Mancesta, tafiyar kamar rabin sa'a a jirgin ƙasa. Saboda haka mutane da yawa a nan suke kwana, da sassafe su tafi aiki birni. Garin yana zaune inda kwaruruka uku suka haɗu, tuddai sun kewaye shi. Can bisa wani tudu akwai hasumiyar dutse mai suna Stoodley Pike, wadda aka gama gininta a 1856, tsawonta ƙafa 121.

A dā garin masaƙa ne. Auduga ce arzikin wannan yanki duka, har ma kamfanin BCGA da dattawanmu suka sani a Funtuwa da Gusau, a Mancesta aka kafa shi a 1902. A farkon ƙarni na 20 mutanen Todmorden sun kai 25,000. Da masaƙu suka yi ta rufewa, sai samari suka watse neman aiki, mutanen garin suka ragu zuwa wajen 15,000. Kantuna suka yi ta mutuwa, filaye suka zama kango, ciyawa da shara suka rufe su.

A shekarar 2008 waɗansu mata biyu, Pam Warhurst da Mary Clear, tare da abokansu, suka ga zaman jiran hukuma ba zai kai su ko'ina ba. Suka kira taro a wani ɗakin shan shayi, mutum wajen 60 suka zo. Shawarar da aka yanke ba ta da wuya. Duk inda aka ga fili yana zaman banza, a gyara shi, a shuka abin ci, kowa kuma ya tsinka kyauta. Suka sa wa ƙungiyar suna Incredible Edible, wato abin ci mai ban mamaki. Takensu kuwa shi ne, in dai kana cin abinci, kai ma ɗan ƙungiya ne.

Mary Clear da ƙofar gidanta ta fara. Ta rage katangar lambunta, ta shuka kayan miya a maimakon furanni, ta kafa allo mai cewa kowa ya ɗiba. Da fari mutane suka ji nauyi, gama a can ba a saba taɓa abin da ke gonar wani ba. Sannu a hankali suka gane da gaske take yi.

To, bari mu sauka a tashar jirgin ƙasa mu zagaya da ƙafa. Tun daga tashar za mu fara ganin akwatunan katako cike da ƙasa, an shuka na'ana'a da sauran ganyayen ƙamshi. Ma'aikacin da ya dawo daga birni da yamma sai ya tsinki abin da zai sa a tukunya, ya wuce gida. Daga nan mu gangara zuwa caji ofis. A ƙofarsa ne aka shuka masara da kayan lambu da yardar 'yan sanda, har hoton wurin ya zaga duniya. A asibitin garin aka tumɓuke itatuwan ado masu ƙaya, aka dasa tuffa da sauran itatuwa masu 'ya'ya, da ganyayen magani. Sa'an nan mu bi gefen hanyar ruwa ta Rochdale, wadda aka haƙa domin jiragen dakon kaya, aka buɗe ta a 1804. Nan ma shuke-shuke ne a jere, da alluna masu faɗin sunan ko wane tsiro da lokacin da ya isa tsinka. A wurare da dama cikin garin za mu ga an kafa manyan baƙaƙe farare, kalmar da suka rubuta kuwa ma'anarta alheri.

Mai karatu zai ce, ina ruwan kabeji da albasa da lafiyar ƙasa? Ga amsar. Filin da aka nome ya daina zama juji. Ɓawon dankali da busassun ganyaye da a dā ake zubarwa sun koma taki. Furannin wake da na itatuwa suna ciyar da ƙudan zuma, su kuwa ƙudan zuman su ne ke kai ƙurar fure daga wannan itace zuwa wancan har a sami 'ya'ya. Abincin da aka shuka a unguwa kuma bai bukaci mota ta ƙona mai ta ɗauko shi daga nesa ba. Domin wannan dalili ƙungiyar ta yi ta roƙon jama'a su yi cefane a kasuwar gari wurin manoman yankin. A 2009 suka fito da taswira mai nuna gidajen da ke kiwon kaji suna sayar da ƙwai, don maƙwabci ya saya wurin maƙwabcinsa.

Mu da muke aikin koyarwa, abin da ya fi faranta mana rai shi ne yadda aka sa makarantun garin a ciki. Aka yi wa yara fangula, aka koya musu shuka da dashe da dafa abin da suka noma. Yaron da ya tashi yana tsammani a kanti ake ƙera karas, ranar da ya tuge shi da hannunsa ya sami ilmin da ba ya mantawa.

Kada a ɗauka kome ya tafi yadda aka so. Sun yi burin zuwa 2018 garin ya riƙa ciyar da kansa, amma ba a kai ga haka ba, gama lambun bakin titi ba ya cika rumbun mutum 15,000. Ga kuma ambaliya. Kogin Calder ya cika ya shiga gidaje a 2012, ya sāke yin ɓarna ran 26 ga Disamba 2015. A nan ma aikin gayya aka tayar. A 2016 mutanen kwarin suka kafa wata ƙungiya mai suna Slow the Flow. Sukan hau tuddai su gicciya gumagumai a ƙananan rafuffuka, domin ruwa ya gangaro a hankali maimakon ya kwararo gari gaba ɗaya.

Duk da haka labarin garin ya bazu. Yarima Charles, wanda ya zama Sarkin Ingila a 2022, ya ziyarce su a 2010. Garuruwa fiye da 100 a ƙasar suka kwaikwayi aikin, a 2012 kuma ya haye zuwa Faransa.

'Yan'uwa, gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kakanninmu da ita suka yi noma da gini. Mutanen Todmorden ba su fara da kuɗi ba, da iri da shebur suka fara, da kuma yarda cewa maƙwabci zai ɗibi daidai bukatarsa ya bar wa na baya. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kafin damina ta faɗi, bari ko wane gida ya dubi kangon da ke unguwarsu, ko filin bayan makaranta, a yi shawara da mai unguwa, a sa rana. Zogale da kuɓewa ba su da wuyar shuka.