Mun Je Aburi Neman Dangin Giginya Da Dabino

Ran Asabar da ta wuce muka yi wata 'yar tafiya zuwa lambun gwamnati na Aburi, mun kuwa ga ya kamata mu ba ku labarinta. Mu 14 ne: dattawa 6, da mata 'yan kasuwa 3, da yara 'yan makaranta 5.

Ga abin da ya jawo tafiyar. Wata rana da la'asar muna zaune a ƙofar gida, sai wani jikan dattijonmu, tsohon bafataken goro, ya zo yana gwigwiyar goriba. Tsohon ya ce masa, "Kai yaro, wane itace ne ke haifar wannan abin da kake ci?" Yaro ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ai a buhu take zuwa." Muka yi dariya, amma shi tsohon bai yi ba. Ya kira sauran yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su giginya, ya tambaye su tukurwa da kajinjiri, ba wanda ya san ko ɗaya. Nan fa malamin makarantarmu ya ce akwai wurin da aka tara irin waɗannan itatuwa daga ƙasashen duniya, ga shi kusa da mu, me zai hana mu kai yaran su gani da idonsu?

Muka ɗauki mota a Madina da sassafe. Daga Ankara zuwa Aburi bai fi mil 20 da 'yan kai ba. Aka bi ta Adenta da Oyarifa, da muka wuce Ayi Mensah sai hanya ta fara hawan dutsen Akwapim, tana lanƙwasa kamar maciji. In ka waiwaya sai ka hangi Ankara shimfiɗe a ƙasa. Muka wuce Peduase, inda aka gina masaukin shugaban ƙasa a zamanin Nkrumah, muka wuce rumfunan masu sassaƙa, sai ga mu a ƙofar lambu. Wurin ya ɗara teku tudu da ƙafa fiye da 1,200, saboda haka da muka sauka sai muka ji iska mai sanyi wadda ba mu saba da ita a Nima ba.

Wannan sanyi shi ne asalin wurin. A shekarar 1875 Turawan mulki suka gina gidan hutawa a nan domin ma'aikatansu da zazzaɓin bakin teku ya kayar. A watan Maris na 1890, zamanin Gwamna Griffith, aka buɗe lambun, aka ɗauko wani Bature mai suna William Crowther daga babban lambun Kew na Ingila ya zama mai kula da shi na farko. Faɗinsa eka 160 ne. Ba don shaƙatawa kaɗai aka yi shi ba. Wurin gwajin iri ne, daga nan aka riƙa raba wa manoma dashen koko, bayan Tetteh Quarshie ya kawo irinsa Mampong, nan gaba kaɗan da Aburi, a 1879.

Da shigarmu sai muka tsaya cik. Hanya ce miƙaƙƙiya, dama da hagu wasu dogayen itatuwa sun yi sahu kamar dogarai ran salla. Jikinsu fari-fari ne sumul, ba reshe ba ƙaya, sai can ƙololuwa ganye ya bazu. Wani daga cikinmu, magini ne, ya je ya ƙwanƙwasa ɗaya, wai shi bai yarda ba siminti ba ne. Wata Hajiya mai sayar da manja ta ce kwakwar Attagara ce da ta ƙi haihuwa. Yara suka ce dabino ne.

Tsohon ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ku dakata. Ba a sanin irin waɗannan da ka. Abu uku ake dubawa: ganye, da jiki, da 'ya'ya. Ganyen iri biyu ne. Akwai mai kamar mafici, watau na giginya da goriba. Akwai mai kamar gashin tsuntsu, watau na dabino da kwakwa da tukurwa. To, wannan wanne ne?" Yara suka ɗaga kai suka ce gashin tsuntsu ne. Ya ce, "Madalla. Yanzu jiki. Jikin dabino kaushi ne da shi, duk gindayen tsofaffin ganye. Kwakwar Attagara kuwa ba ta iya tsayuwa sak, sai ta karkata. Wannan ga shi sumul, ga shi a miƙe, ga wani koren wuya mai santsi a ƙarƙashin ganyen. Ni dai tun daga Sakkwato har Salaga ban ga mai irin wannan wuya a daji ba. Baƙo ne."

Malam ya karanta ɗan allon suna, ashe gaskiyar tsohon ce. Sunansa na masana Roystonea regia, mutumin Kyuba ne da ƙasashen da ke kewaye da ita, shi ne ma itacen da ƙasar Kyuba ta ɗauka alamarta. An sa masa sunan wani janar na Amurka, Roy Stone. Yakan kai ƙafa 80 ko fi. 'Ya'yansa ƙanana ne kamar na kanya da ba su ƙosa ba, a can ƙasarsu aladu ake ba. Hajiya ta ce, "Ashe duk wannan tsawo na banza ne." Muka ce a'a Hajiya, ai kwarjini ma wani abu ne, ga shi ya tsai da mu.

Malam ya ƙara mana da cewa, ko da yake mu a Hausa kowanne da sunansa, masana sun tara su duka a gida ɗaya, iri wajen 2,600 a duniya. Abin mamaki, babbar ƙasar Afirka duk girmanta irin da take da su na asali ba su kai 70 ba, alhali tsibirin Madagaska kaɗai yana da wajen 200. Ke nan 'yan namu kaɗan ne, ba su fi ƙarfin a san su ba.

Muka ci gaba, muka wuce wani ƙaton rimi wanda aka ce shi ya rage daga tsohon kurmin wurin. Can sai wani dattijo ya yi kabbara, ya ce ga giginya. Lalle ganyen mafici ne. Amma tsohon ya zagaya ta sau biyu ya girgiza kai. Ya ce giginya idan ta manyanta sai ta yi kumburi a sama da tsakiyar jikinta, wannan kuwa siririya ce tun daga ƙasa har sama. Ganyen giginya a sandare yake, na wannan bakinsa ya zubo kamar gezar rawani. Sa'an nan ya tsinci 'ya'yanta a ƙasa, 'yan ƙanana masu shuɗi-shuɗi, ya ce, "Ɗan giginya ya kusa kan jariri, in ya faɗo maka sai an kai ka asibiti. Wannan ko kaza ba zai kashe ba." Ita ma baƙuwa ce, Livistona chinensis, daga kudancin ƙasar Sin da Japan. Nan tsohon ya zauna ya ba yara labarin giginya ta gaske: da ita ake azara wadda gara ba ta ci, daga ƙwallonta muruci ke fitowa, akwai namiji akwai mace, namijin ba ya 'ya'ya. Ya ce ba sai sun je Arewa ba, in suka lura za su gan ta tsaye ɗai-ɗai a filayen da ke bayan Ankara.

Wadda ta ɗaure wa tsohon kansa kai ita ce ta uku. Ganyenta ba mafici ba ne, ba kuma gashin tsuntsu sosai ba. Kowane reshe ya sake rabuwa, kowane ɗan ganye kuma bakinsa a yayyage kamar wutsiyar kifi, sai ka ce akuya ce ta ci ta bari. 'Ya'yan suna rataye a dogayen igiyoyi kamar carbi. Tsohon ya duba ya duba, ya ce, "Dangi dai dangi ce, jikinta ya nuna. Amma wannan ban san gidansu ba." Malam ya ce sunanta Caryota, daga Indiya da tsibiran Asiya, kuma a duk dangin su kaɗai ne ganyensu ke rabuwa sau biyu haka. Halinta abin tausayi ne: sai ta gama girma sa'an nan ta fara fure daga sama, tana saukowa gaɓa gaɓa, ran da ta yi na ƙasa wannan jikin ya mutu ke nan. A Siri Lanka ana tatsar ruwan furen wani irinta a dafa ya zama kamar mazarƙwaila. Amma ga gargaɗi, iyaye ku ji: naman 'ya'yanta yana da wasu ƙananan allurai da ido ba ya gani, suna sa ƙaiƙayi mai zafi. Wani yaronmu har ya kai hannu, Allah ya sa aka tsawata masa da wuri.

Sai kuma wadda ta ruɗe mu duka. Ta baza manyan ganyaye jere a gefe ɗaya kamar wutsiyar ɗawisu. Turawa suna kiranta itacen matafiya, domin ruwan sama yana taruwa a gindin ganyenta. Mu maza muka ce wannan ai sarauniyar dangin ce. Wata 'yar yarinya ta ce, "Baba, ai ganyen ayaba ne." Aka yi mata tsawa, sai Malam ya ce ku bar ta, ita ce ta faɗi daidai. Ravenala ce daga Madagaska, ba ta cikin dangin dabino ko kaɗan, ta fi kusa da ayaba da citta. Yarinyar ta bi ƙa'idar tsohon ta duba ganye, mu kuwa kyau ya ɗauke mana hankali.

Daga nan muka iso wurin wadda ba mai gardama a kanta, watau kwakwar manja. Hajiya ta ce wannan ko cikin duhu ta san ta. Ta lissafa wa yara abin da ke fita daga jikinta: manja, da man alayyadi na ƙwallon, da tsintsiya, da miyar da ake cin fufu da ita. Sunanta na masana Elaeis guineensis, watau ta ƙasar Gini, domin nan Afirka ta Yamma ne gidanta. Kafin koko, manja ne babban abin da mutanen Akwapim da Krobo ke kai wa Turawa bakin teku.

To, 'yan kasuwa, ga inda labarin ya shafe ku. A shekarar 1848 aka dasa guda 4 tak na wannan kwakwa a wani lambu irin na Aburi, a garin Bogor na tsibirin Jawa. Daga zuriyarsu aka fara manyan gonakin Asiya. A 1981 mutanen Maleshiya suka ɗauko wani ɗan ƙwaro daga Kamaru wanda ke yi wa furen barbara, amfaninsu ya ƙaru. Yau Indunisiya da Maleshiya su ke yin fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, har Gana tana sayen wani daga waje. Da Hajiya ta ji haka sai ta riƙe haɓa ta ce, "Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha." Su sun zauna sun karanci itacen, mu da muka gaje shi jikokinmu ba su san kamanninsa ba.

Wani abu ya faru da za mu faɗa ko da bai yi mana daɗi ba. Muna komowa ta hanyar dogayen nan, sai muka ga babban yaron cikinmu ya fito da ƙusa zai rubuta sunansa a jikin ɗaya. Tsohon ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, in ka sari mangwaro zai yi sabon ɓawo ya rufe. Waɗannan ba su da wannan baiwa, tabon da ka yi musu da shi za su mutu. Kuma kansu ɗaya ne, in aka sare shi, shi ke nan." Malam ya ce haka yake a littafi. Goriba ce ta fita daban a cikin namu, ita ce ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa.

Ita goribar da ta jawo tafiyar kuwa, ba mu gan ta ba a duk inda muka bi. Tsohon ya ce bai yi mamaki ba, ita da dabino 'yan ƙasar rana ne da busasshiyar iska, laimar kan dutse ba tasu ba ce. Sai ya zana ta a ƙasa da sandarsa, da rassanta masu rabuwa, ya gaya wa jikansa cewa kabar da ake saƙa tabarma da faifai da igiya ganyenta ce tun tana ƙarama. Ya zana tukurwa ta bakin fadama wadda ake samun gwangwala daga gare ta, da kajinjiri, ƙanen dabino na daji. Yaran suka durƙusa suna kallo, ba mai motsi.

Muka yi azahar a gefen fili, muka ci guzurinmu, muka kamo hanya. A cikin mota yara suka yi ta gasa, kowane itace aka wuce sai ka ji ana "mafici ne", "a'a, gashin tsuntsu ne". Kafin mu kai Adenta sun bambance kwakwar manja da ta Attagara daga nesa.

Abin da muka gano shi ne, allon suna bai gaya mana abin da idon tsohon bai riga ya gani ba, sai dai sunan ƙasar da itacen ya fito. Wanda ya san shida na gida, watau giginya, goriba, dabino, tukurwa, kajinjiri da kwakwa, in ya shiga kowane lambu a duniya ba zai ɓata ba. Amma masu wannan sani a zangonmu ana iya ƙirga su da yatsu, kuma kowace shekara raguwa suke. Saboda haka muna roƙon kowane dattijo da zai iya hawa mota ya ɗauki jikokinsa ya kai su Aburi, ko da sau ɗaya ne. Ku tafi da sassafe, ku riƙi abin rufa don sanyi, da kuɗin shiga. Wanda kuma ƙafa ta hana, to, in an kawo goriba ko dabino ko muruci gida, kada ya bari a cinye sai ya gaya wa yara uwar da ta haife su.

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana.