Ta'aziyya Daga Isa Zuwa Gidan Runji

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka don in isar da gaisuwar mutuwa inda ƙafata ta kāsa kai ni.

Labari ya iske mu nan Isa cewa aminina, wani malami na ƙasar Sabon Birni, ya riga mu gidan gaskiya a Gidan Runji, cikin jihar Maraɗi ta Nijar. Ba zan faɗi sunansa ba, gama iyalinsa suna zaman gudun hijira, amma almajiransa za su gane shi. Ya bar gida ne bayan watan Mayu na 1920 da ɗari, wato 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka auka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma, suka kashe fiye da mutum 60 rana ɗaya. Ya ce mini zai komo kafin a yi girbi. An yi girbi, an sāke, bai komo ba.

A da, in aka yi rasuwa a Sabon Birni, mutumin Isa ya kan yi sammako ya tafi, ya zauna a tabarmar makoki, ya yi addu'a, ya kwana gidansa. Wanda bai sami uku ba ya sami bakwai, ko arba'in. Amma tun watan Disamba na 2021, da aka tare mota kusa da Gidan Bawa aka ƙone fiye da mutum 20 a cikinta, kowa ya kan yi tunani sau biyu kafin ya hau wannan hanya. Ko Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa daga Sakkwato aka kama shi cikin 2024, ya rasu a hannunsu, aka yi masa salla babu gawa. To, ina ga talaka irina?

Uwargida, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa kin gama takabarki lafiya. Shekaru da yawa na ci tuwon hannunki a zaurensa, ban manta ba.

Kai kuma ɗana, babban ɗansa, ga abin da na sani na mahaifinka. Bagobiri ne na sosai, mai zāne a kumatu, ba ya gajiya da zancen Bawa Jan Gwarzo. Shi ya kai ni kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi cikin 1808, ya yi ta nuna mini inda ganuwa ta bi, kai ka ce da shi aka gina ta. In Bayarabe ɗan kasuwa ya ratso ta ƙofarsa, sai sun sha wasan taubasai kafin a yi ciniki, Malam kuwa shi ke biya da tsada, yana dariya. Ya karantar da Ahalari da Iziyya a kan buzu ɗaya har ya sāɓule, bai taɓa korar yaro don ubansa bai kawo kuɗin Laraba ba. Yana da zafin rai, wannan gaskiya ne, kai ma ka ɗanɗana, amma fushinsa ba ya kwana. Wata shekara da fari ya ci gonata, ya aiko mini da damin gero biyu da dare, ya ce wa ɗan aiken kada ya faɗi wanda ya aiko shi. Yaron ya faɗa mini tun bai sauke kayan ba.

Abin da ya fi damunsa a can, in ji waɗanda suka gan shi, shi ne littattafansa da ya bari cikin gafaka ranar gudu, akwai na rubutun hannun kakansa a ciki. Saboda haka ina roƙon jama'a, malamai da ma'aikata na wannan yanki, duk wanda ya san inda suka shiga ya taimaka su kai hannun magadansa. Almajiransa kuma da ke Sakkwato da Maraɗi, ya bar marayu huɗu, biyu ba su sauke ba tukuna. Wanda ya fi kusa da su ya je a madadinmu, ya karanta musu wannan takarda.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Wani tsohon malamin makaranta, Isa.