Yadda Na Koyi Ƙwallon Tebur Cikin Rani Guda

A nan Arewa mun san kokowa. Mun san langa da dara. Yaranmu kuma sun san ƙwallon ƙafa. Amma akwai wani wasa da ba kowa ya san shi ba. Sunansa ƙwallon tebur. Ƴan lakwal suna ce masa pin-pon, don irin ƙarar da ƙwallon ke yi in ta bugi katako.

Mutum biyu ke yin wasan, ko mutum huɗu. Ana aza ƴar gajeriyar raga a tsakiyar tebur. Kowa yana riƙe da raket, wato ɗan katako mai mariƙi wanda anka manna wa roba. Ka bugo ƙwallo ta faɗo gefena, ni kuma in mayar maka. Wanda ya kasa mayarwa an ci shi maki guda. Wanda ya riga kai maki 11 shi ke da nasara, amma sai in ya wuce abokinsa da maki 2.

An fara wasan nan a ƙasar Ingila, shekara fiye da ɗari da sunka wuce. A shekarar 1988 anka sa shi cikin wasannin Olamfik. Mutanen ƙasar Sin sun fi kowa gwaninta a kansa. Ko a ƙasarmu ba baƙo ba ne: lokacin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci da anka yi a Yamai a 2005, an yi gasar ƙwallon tebur.

Yadda na faro

Ni mutumin Kore Mairuwa ne, garin da ke bakin babbar hanya tsakanin Doso da Dogon Dutsi. Da damina ina noma, da rani ina ɗinki. Da ƙuruciyata na yi kokowa, kuma an san ni a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Wata rana a fage gwiwata ta goce. Likita ya duba, ya ce ni da kokowa har abada.

Shekara shida na yi ina zaune. Daga keken ɗinki sai wurin shan shayi, daga wurin shayi sai shimfiɗa. Jiki ya yi nauyi, zuciya ma ta yi nauyi. In an buga gangar kokowa, sai in shige ɗaki in ja ƙofa. Wanda bai taɓa zama ɗan wasa ba, da wuya ya gane wannan ciwo.

Ana nan sai anka kawo wani sabon malami a makarantar garinmu. Saurayi ne, na girme shi da shekara goma. A Yamai ya koyi ƙwallon tebur. Ya sa kafinta ya yi masa tebur, ya aje shi cikin wani tsohon ɗakin ajiyar hatsi. Dole a yi wasan cikin ɗaki, don nauyin ƙwallon bai kai giram 3 ba. In iskar hunturu ta taso, sai ta kwashe ta.

Da marece samari sukan taru can. Ni ma nakan tsaya bakin ƙofa in yi kallo. Ran nan anka miƙa mini raket. Bugu na farko, ƙwallo ta haye rufi. Na biyu, na bugi iska. Yara sunka kwashe da dariya. Malamin bai yi dariya ba. Da za mu watse sai ya biyo ni.

Ya ce, "Yaya, na ga tsayuwarka. Tsayuwar ɗan kokowa ce. Ka ba ni awa guda kullum bayan sallar asuba, har wata ukku. Amma da sharaɗi: abin da na ce, shi za ka yi."

Na ce, "Mushe, da wagga gwiwa tawa? Kuma da waɗanga shekaru?"

Ya ce, "Nan ba mai ɗaukar ka, ba ka ɗaukar kowa. Mu dai gwada."

Aikin wata ukku

Mun fara bayan an gama girbin hatsi. Kwana ukku na farko ban taɓa ƙwallo ba ko sau ɗaya. Riƙon raket kaɗai na koya. Ana riƙe shi kamar za ka gaisa da mutum, ba a damƙe shi kamar ƙotar gatari. Daga nan sai in yi ta kai hannu cikin iska, sau ɗari, Mushe yana gyara mini gwiwar hannu. A gida ma ina yi. Uwargidana ta leƙo ta ce, "Maigida, sauro kake kora?"

Bayan haka ya kawo kwano cike da ƙwallaye, sun kai arba'in. Yana tsaye gefen tebur yana jefo mini su ɗaya bayan ɗaya, duk a wuri guda. In kwano ya ƙare mu tsince, mu sake. Sati na farko bugun dama kaɗai na yi. Sati na biyu bugun hagu kaɗai, wanda ake yi da bayan raket. Sati na ukku munka haɗa su.

Yana da ɗan littafi inda yake rubuta lissafi. Ranar farko sau 4 na mayar da ƙwallo ba kuskure. Bayan kwana goma na kai 30. Da wata ya cika na wuce 100. In na gaji na ce ba na ci gaba, sai ya buɗe littafin ya nuna mini. Lissafi ba ya ƙarya.

Wata na biyu na ƙafa ne. Mushe ya ce da ƙafa ake wasan nan, hannu cikawa kawai yake yi. Ba a miƙa hannu a bi ƙwallo. Ƙafa ke kai ka inda take, da ƴan gajerun taku. A nan kokowa ta yi mini rana. Na saba da rage tsawo, na saba da zuba wa abokin karo ido. Gwiwar takan yi tsami, sai mu huta. Da sannu naman cinya ya yi ƙarfi, tsamin ya ragu.

Wata na ukku munka shiga babban sirrin wasan, wato juyin ƙwallo. Gwani ba dukan ƙwallo kawai yake yi ba, shafar ta yake da roba don ta riƙa juyawa. In ya shafe ta daga sama, za ta faɗo da wuri, ta zaburo maka. In ya yanke ta daga ƙasa, kana taɓa ta sai ta nutse cikin raga. In ya shafe ta daga gefe, sai ta kauce. Saboda haka ba ƙwallo kaɗai ake kallo ba. Ana kallon raket ɗin abokin wasa lokacin da ya taɓa ta. Haka ɗan kokowa ke karanta niyyar abokinsa tun kafin ya kawo hannu.

Abin da ya fi mini wuya ba gwiwa ba ce. A ce ƙanen bayanka ya ce maka "sake" sau hamsin kafin rana ta fito, wannan shi ne mai wuya. Akwai safiyar da na ji kamar in aje raket in tafi. Amma Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Na haɗiye, na sake.

Me ya kawo saurin?

Duk wata ukkun nan bai bar ni na yi wasa da samarin marece ba. Da lokaci ya cika ya ce in shiga. Ran nan na ka da huɗu a jere, har da wanda ya fi kowa dariya. Wasu sunka ce laya ce ta ƴan kokowa. Ba laya ba ce. Ku zo mu yi lissafi.

Samari goma ne a kan tebur guda. Wanda anka ci sai ya fita ya jira layi. In yaro ya yi sa'a, zai bugi ƙwallo sau hamsin ko sittin a marece guda. Ni kuwa kowace safiya sai kwano ya ƙare sau goma sha biyar. Bugu 600 ke nan. Abin da nake yi a safiya guda, su sai sun kwana goma.

Na biyu, ba mai gyara musu. Yaro ya fara riƙo a karkace, haka zai yi ta yi har hannu ya saba. Ni kuwa ana gyara mini tun kuskure bai zauna ba. Na ukku, su ci suke nema, don haka kowa bugun da ya iya kaɗai yake yi. Ni abin da ban iya ba, shi ake sa ni maimaitawa.

Inda saurin ya tsaya

Kada ku ce na zama gwani. Kafin damina Mushe ya tafi da ni Dogon Dutsi wurin wani abokinsa mai koyar da yara. Anka haɗa ni da wani yaro ɗan shekara 12. Ya ci ni 11 da 3, ya sake ci na 11 da 2. Bugunsa na farko ma ban gane inda yake juyawa ba. Da munka gama ya zo ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce, "Sannu Baba." Tun yana ɗan shekara bakwai yake wasan.

A hanyar komowa Mushe ya ba ni labarin wani Bature mai suna Sam Priestley. A shekarar 2014, a birnin Landan, abokinsa Ben Larcombe ya koya masa wasan nan kullum har shekara guda. Burinsu shi ne ya shiga cikin gwanaye 250 na ƙasarsu. Ya ci gaba ƙwarai, har mutane sunka yi mamaki. Amma bai kai ga burin ba. Koyo mai tsanani yana fid da mutum daga sahun ƴan koyo da wuri. Hawa sahun manya kuwa sai da shekaru. Segun Toriola na Najeriya ya je Olamfik sau bakwai, daga 1992 zuwa 2016. Aruna Quadri, shi ma ɗan Najeriya, ya shiga cikin takwas na ƙarshe a Olamfik ta 2016, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai nan. Irin waɗannan tun suna yara sunka fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan bai karya mini zuciya ba. Ba kambu na je nema ba. Jikina ya saki, barcina ya gyaru, na koma cikin mutane.

Ga mai son gwadawa

Yau an canza wa Mushe wurin aiki, amma ya bar mana tebur da kwano. Ni ke jefa wa yara ƙwallo, maza da mata, har da ɗiyata. Ina da nawa littafin lissafi.

In kuna son yin naku, ga awon da za ku ba kafinta. Tsawon tebur santimita 274. Faɗinsa 152 da rabi. Tashinsa daga ƙasa 76. Tashin raga 15 da kwata. Katakon ya zama mai kauri, mai santsi. Ku nemi ɗaki inda iska ba ta shiga. Ku yi karo-karo ku sayi raket da ƙwallaye masu yawa. Abin da ya fi duka: ku nemi wanda ya iya, ko da ɗan cikinku ne, ku ji maganarsa. Rani yana da tsawo, ƴan uwa. Awa guda a kullum ba ta hana kowa neman abinci.

Tambayoyi

1. Don me ake yin ƙwallon tebur cikin ɗaki?
2. Waɗanne dalilai ukku sunka sa mai labari ya wuce samarin marece?
3. Me ya koya a tafiyarsa ta Dogon Dutsi?