Akuyar da ba ta son hannu

A wata unguwa ta Maraɗi akwai wani ma'aikacin gwamnati wanda ya shekara goma sha biyar yana sa hannu ga takardu a biro, amma bai taɓa sa hannu ga dabba ba sai da larura ta kama shi. Maiɗakinsa ta samu ciki alhali ɗiyarsu ba ta cika wata goma sha biyar ba, aka yaye yarinyar ba shiri, ta dinga ramewa. Madarar gwangwani kuwa ta fi ƙarfin albashi. Sai ya tafi kasuwa ya sayo jar akuya mai ciki, da nufin in ta haihu a riƙa dama wa yarinyar kunu da nononta.

Zaɓin bai yi laifi ba. Jar akuyar Maraɗi ba baƙuwa ce ga kowa ba: fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, tagwaye ba abin mamaki ba ne a wurinta, kuma saboda ita aka kafa cibiyar kiwon awaki a garin tun 1963. Nononta bai kai na saniya ba, wajen rabin lita a yini, amma ya ishi cikin yaro. Sai dai wadda ya sayo ta zo da hali. Ko inuwar hannu ta gani sai ta zabura, ta ja igiya har turke ya girgiza. Yara suka sa mata suna Kwamanda.

Maigida mutumin takarda ne. Ya tambayi wani ma'aikacin kiwo, aka gaya masa cikin akuya kwana 150 ne, da ɗan ragi ko ƙari, kuma akwai jijiyoyi biyu a gindin wutsiya, masu tauri kamar alƙalami, waɗanda ke saki su ɓace in haihuwa ta rage yini ɗaya ko ƙasa da haka. Magana gaskiya ce. Amma da yake bai san ranar da aka yi barbara ba, sai ya ƙudura kullum da safe zai duba jijiyoyin. Ya sa yara su kewaye ta, ɗaya ya kama ƙaho, ɗaya ya riƙe ƙafar baya, shi kuma ya laluba. A rana ta huɗu ta kuɓuce, ta yi tsalle kan turmi, ta faɗi a kan cikinta. Yinin nan ba ta taɓa dussa ba.

Ranar ce mahaifiyarsa ta iso daga wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Ta dubi akuya, ta dubi ɗanta.

"Kai ɗan nan, haihuwa kake jira ko ɓari kake nema?"

"Inna, ai dubawa nake yi, haka masana suka ce."

"Da ido ake duba irin wannan. Ka sallami yaran nan."

Tsohuwa ba ta san sunan jijiya da faransanci ba, amma ta san abin da tsoro ke yi wa mai ciki. Akuya dabba ce da kura ke farauta, duk abin da ya cafke ta ta baya ko ta sama abokin gaba ne. Ga nauyi, ga hantsa ta cika tana zafi. Ko mai lafiyar hali takan ƙi hannu a makonnin ƙarshe. Kuma ƙin cin abinci a lokacin ya fi faɗuwar haɗari, domin a makonni 6 na ƙarshe ne ƴaƴan ke yin mafi yawan girmansu, uwa mai tagwaye da ta daina ci tana iya kwantawa ba ta tashi ba.

Inna ta sa aka mai da turke kusurwar katanga, inda iskar hunturu ba ta bugawa, aka gajarta igiya. Ta hana kowa kai abinci sai maigida shi kaɗai, safe da maraice, lokaci ɗaya: harawar wake, dussa da ɗan kanwa, wani lokaci ƴaƴan gawo. Ya ajiye kwano, ya tsuguna gefe, kada ya kalle ta cikin ido. Mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo biro ya yi kwana shida yana tsugune gaban akuya, maƙwabta na leƙe ta kan katanga. A na bakwai ya ɗora hannu a kafaɗarta tana cin dussa. Ta daina tauna, ta yi jim, ta ci gaba. Daga kafaɗa hannu ya gangara baya kaɗan kaɗan, kowace rana taki ɗaya. Ciki da hantsa Inna ta ce a bar su. In yana son ganin motsin ƴaƴa, ya zauna ta gefen dama ya zuba ido, tunda hagu wurin tumbi ne.

Sauran alamu daga nesa aka karanta su. Hantsa ta yi tantsan tana ƙyalli, kwiɓi ya faɗa, ta shiga tonon ƙasa da ƙafa, ta kwanta ta tashi, tana wani kuka ƙasa ƙasa tana waiwayen cikinta. Bayan sallar lisha faya ta fashe.

Inna ta kori surukarta zuwa ɗaki. Mai ciki ba ta taɓa ruwan haihuwar dabba ko mabiyiya, kuma a nan likitoci na bayan tsohuwa, saboda bakkale da wasu cututtuka ta nan suke kama mutum. Na farko ya fito yadda ake so, ƙafafu biyu na gaba da hanci a kansu. Na biyu ya tsaya. Rabin awa ta wuce tana yunƙuri, kai ya leƙo da ƙafa ɗaya tak. Yatsun Inna sun ƙage da tsufa, likitan dabbobi kuma ba ya samuwa a daren.

"Wanke hannu da sabuni har gwiwa, ka shafa mai. In ta yunƙura ka dakata, in ta huta ka bi wuyan a hankali har ka samu ƙafar."

Ya durƙusa, Inna na riƙe da fitila. Ya fara ɗora hannun hagu a kafaɗa, wurin da ta saba. Ba ta zabura ba. Ya samu ƙafar a lanƙwashe, ya rufe kofaton da tafinsa don kada ya yage ta, ya miƙo ta. Yunƙuri biyu, ɗan ya sulluɓo.

Ta lashe ƴaƴanta, sannan ta juyo ta shiga lasar hannunsa. Inna ta ce ya bar ta. Kafin asuba duka biyun sun sha dakashi, wanda tsohuwa ta hana a tatse a zubar.

Bayan mako biyu aka fara ɗibar wa yarinya nono, ana tafasa shi kafin a zuba a kunu. Tatsar ta faɗa kan maigida, domin har yau Kwamanda ba ta yarda da hannun kowa ba sai nasa. Yakan makara zuwa biro da minti goma, da ƙamshin harawa a hannun riga.