Hanyar Gadarif

A hutun damina na shekarar 2018, na raka Baba daga Maradi zuwa ƙasar Sudan. Mun je gaida ƙanen kakana. Tun yana saurayi ya kama hanyar Makka a ƙasa. Da ya isa Gadarif sai ya zauna, bai sake komowa gida ba.

Jirginmu ya sauka a Hartum da asuba. Amma da sauran tafiya, domin daga Hartum zuwa Gadarif kilomita wajen 400 ne. Baba ba ya jin Larabci, Faransancina na lakwal kuma bai yi mana rana ba. Da ƙyar mai tasi ya gane tashar Mina al-Barri muke nufi.

A tasha sai hayaniya. Muka tsaya zuru. Can wata mai sayar da shayi ta ji maganarmu, ta ce: "Sannunku da zuwa, Malam!" Ashe Bahausa ce, haifaffiyar Sudan. Ita ta nuna mana motar Gadarif.

Muka ƙetare kogin Nilu a Wad Madani, muka yi ta wuce gonakin dawa da riɗi. Da la'asar muka isa. Tsohon ya riƙe hannun Baba, ya kira shi da sunan kakana, sai ya fashe da kuka.